Inna Riƙe-kai da Na'urar da Ba Ta Ihu

A asibitin haƙorin da ke saman shagon tayoyi, aikin Inna Riƙe-kai yana cikin sunanta. Shara aka ɗauke ta yi tun tana goyon fari. Wata rana wani ƙaton mahauci ya ji kukan injin huda haƙori, ya zabura zai dira ta taga, ta yar da tsintsiya ta danne masa goshi. Daga ranar ba ta ƙara shara ba.

Injin nan, Allah ya isa! Kuka yake kamar an take wutsiyar aljani. Inna sai ta sunkuyo, kuncinta a jikin na majinyaci, kunnenta dab da injin, tana tsiya: "Haba namiji! Kai da ke kayar da bijimi, ɗan ƙarfen nan ne zai sa ka jiƙa kujerar mutane?" Mutum yana hawaye yana dariya, baki a wangale. A ɗakin nan babu mai magana a hankali: likita ihu, nas ihu, Inna ta fi kowa. A haka ta aurar da 'ya'ya, ta rasa miji, ta yi furfura, kullum da kan wani a hannunta.

Sai ɗan likita, wanda ta goya yana yoyon majina, ya gama karatu ya gaji kujerar ubansa. Ya shigo da na'urar leza, wani abu kamar biro mai tofa haske, yana cinye ruɓar haƙori, yana gyara dasashi, jini kaɗan, ƙara kuwa ɗan ƙyas-ƙyas. Sharaɗi guda: kowa ya sa baƙin tabarau, don hasken yana lahanta ido.

"Inna an zama 'yar gayu," in ji nas.

"Rufe mini baki, marar kunya. Yau na ga likitan da zai haska tocila ya ce ya yi aiki."

Tsoronta ɗaya, kada a ce ba a bukatar hannunta. Ashe ba ta nan ɓarawon zai shigo ba. Da ɗakin ya yi tsit, kowa ya sauke murya a bayan takunkumi, ita kuwa ta ɗauka yaran zamani ne ba sa son hira. Tsohon injin ya daɗe da cinye mata kunnuwa, ihu ne ya rufa mata asiri, har daga kanta.

Wata rana aka kwantar da wata malamar makaranta, duk a tsorace. Inna ta san maganin wannan: mai tsoro sai ya ga ƙwayar idonka. Ta ture tabarau zuwa goshi ta sunkuyo.

"Inna, mayar da tabarau," in ji ƙaramin likita.

Ta ci gaba da shafa kan matar. Ya maimaita. Nas ta maimaita. Ya kashe na'urar, ya janye takunkumi, ya daka tsawa: "Inna! Tun ɗazu muke miki magana!"

"Ni? Yaushe?"

Ta dubi bakinsa, ta dubi na nas, ta gane.

Ya ja ta baranda don ya faɗa mata a asirce, amma wane asiri, tunda dole ya ɗaga murya har masu jiran layi suna ji. "Ki yafe mini, Inna. Ba zan iya barin ki a ciki ba. Idonki nake ji wa tsoro."

"Ubanka ya ci kunnen, kai kana tattalin ido," ta ce, tana son ta yi dariya, dariyar ta ƙi fita.

Yanzu kujerar roba gare ta a bakin ƙofa, tana kiran na gaba. Ta iya kuwa, har masu facin taya a ƙasa suna amsa mata don tsokana. Idan an rufe ƙofar sai ta leƙa ta gilashi, ta hango wani babban mutum a kwance, ya ƙanƙame hannun kujera, idonsa a ɓoye cikin baƙin tabarau. Yana tsoro, ta sani, ko da babu mai ji. Sai ta koma ta zauna, ta cusa hannayenta cikin mayafi.