Zuciyar da Aka Ƙona a Kwamfuta

Mahaifiyata, wadda muke kira Mma, wake da shinkafa take sayarwa a unguwarmu Maamobi tun kafin a haife ni. Da zuciyarta ta fara bugu barkatai, sai da na yi kamar zan yi kuka kafin ta yarda muka hau trotro, motar haya, zuwa asibiti.

Likitan ya ce ɗakunan sama na zuciyar ne ke karkarwa, kuma in aka bar su haka jini na iya daskarewa ya haura ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Aka ɗauki hoton ƙirjinta aka tura ƙasar waje. Da muka koma, sai ga zuciyar Mma an gina ta a kwamfuta, tana juyi. Ya nuna mana inda bugun ke ruɗewa, ya ce nan za a zura siririyar waya ta jijiya a ɗan ƙona. Ya gwada ƙonawar a kan hoton, bugun ya daidaita a gaban idonmu.

Mma ta shafa addu'a. Ni kuwa na ɗauka ta gane.

Washegari na dawo daga aiki na tarar ana rabon masa a gidanmu, sadakar samun lafiya. Matan layi sun cika tsakar gida suna yi mata barka da arziki. Raina ya ɓaci. Na ja ta ɗaki na ce, "Mma, gwaji fa aka yi. Ba a taɓa ki ba tukuna."

"Na gani da ido na, ya ƙona shi, ya kwanta," in ji ta. "Malam na unguwar Kawukudi ma daga nesa yake yi wa mutane magani, balle dokta mai kwamfuta. Kar ki dame ni koraa, ko kaɗan."

Na yi bayani har bakina ya gaji. Kawuna ya ce boko ne ya hana ni tawakkali. Asibiti suka yi ta kira ina ba su haƙuri. Tsoro nake ji, sai dai duk ya fito a faɗa, har ta daina amsa gaisuwata.

Wata safiya tana zuba wa wani direba abinci, ludayi ya suɓuce mata. Ta zauna a benci, ta kamo hannuna ta ɗora a ƙirjinta. Abin yana fizga kamar kazar da aka riƙe.

"Mutane sun ci masa na," ta ce a hankali. "In na koma asibiti, na zama mai ƙarya. Ki ce musu biki za mu tafi Kumasi."

Na buɗe baki zan yi masifa, na ga idonta, na rufe. Ni na bi ɗaki-ɗaki ina yi wa gida duka ƙarya. Da leshinta na biki da ashoke ta shiga ɗakin marasa lafiya, ta ƙi cirewa sai da na leƙa na rantse mata babu ɗan Maamobi ko ɗaya a wurin.