Rasaki da Hanyar da Ya Sayar

Rasaki Olowookere gonar rogo ya gada a bayan Ikorodu. Da Legas ta tumbatsa ta iso wajensu, sai ya ɗauki igiya ya yanka gonar fuloti saba'in da huɗu, duk aka saye su. Kawunsa ya ce a bar hanya mai faɗi. Rasaki ya auna, ya ga faɗin nan zai cinye fuloti shida, ya bar abin da mota ɗaya za ta bi. Daga baya gefen ma ya sayar: coci biyu, gidan mai, gidan bulo, shaguna reras. Kowa ya ja katanga, kowa ya sayi mota, kuma dukansu a cikin gari suke aiki.

Wata Asabar da hantsi naƙuda ta kama 'yarsa Morufat, jini ya ɓalle mata. Ya sa ta a tasi, suka nufi asibiti. Ba su yi nisa ba suka tarar tankar ruwa ta yi gaba da gaba da tifar yashi. Can gaba kuma an kafa rumfunan bikin binne wata tsohuwa a tsakiyar hanya, ana ta kiɗa. Ko babur ba shi da wurin kutsawa.

Rasaki ya ruga wurin direban tifa. "Ɗana, don Allah ja baya!"

"Baba, in ja ina? Cikin cocin?"

Ya juya wurin Iya Sikira mai kifi, wadda shagonta ke kan tsohuwar hanyar ƙafa.

"Iya Sikira, bari mu bi ta bayanki, yarinyata za ta mutu!"

"Wane bayan, Baba Igiya? Ba kai ka sayar wa mai bulo ba? Har inda akuya ke bi ka sayar!"

Ta leƙa tasin, ta ga zanen Morufat jiƙe da jini, sai zagin ya maƙale mata. "Ku ciro ƙofar shagon nan!"

Aka kwantar da Morufat a kan ƙofar. Maza uku daga wurin bikin, da ankonsu, suka kama kusurwa uku, Rasaki ya kama ta huɗu. Suka ɗaga ta sama da kai, suna matsewa tsakanin mota da katanga, kwata na cin ƙafafunsu.

Da suka fito babban titi, shi ma a tsaye yake cak. Asibitin yana can hayin gada. Morufat ta daina nishi.

Ɗaya daga cikin mazan ya ce, "Baba, mu sauke ta mu duba."

Rasaki bai ɗaga kai ba. "Kada ku sauke. Mu je."