Mujallar Mushe Lawali da Labarin Majemi

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai Mushe Lawali makwancinsa. Ni ban saba rubutu a jarida ba. Majo ne ni, allura da ɗaurin ciwo na sani har na aje aiki a gidan likita. Amma tun muna lakwal, wato makarantar boko, benci ɗaya muke zama da shi, kuma cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar bin tarihin garin Maradi tare da shi, kaɗan ne muka rage. In ban faɗi yadda mujallarmu ta taso da yadda ta kwanta ba, ina tsoron wata rana a yi gardamar ko an taɓa yin ta.

Lawali malamin tarihi ne, shi ya sa kowa, har da matarsa, ke ce masa Mushe, kamar yadda ake kiran malaman boko a nan. Abin da ya daɗe yana cin ransa shi ne ɗalibansa suna iya jero sarakunan ƙasashen da ba su taɓa gani ba, amma ba su san abin da ya tayar da garinsu daga fadama ya hau da shi tudu ba. Sai ya fara tara mu a zauren gidansa a unguwar Zariya, bayan la'asar. Akwai malaman lakwal, da wani tela, da limamin wani ƙaramin masallaci, da ni. Muna shan shayi muna musu a kan ƙofofin tsohon gari, har wata rana ya ce musun ya isa, a rubuta. Shi ya raɗa wa mujallar suna Jiya da Shekaranjiya.

Fitowar farko da roneyo muka buga ta, injin nan na lakwal da ake juyawa da hannu, tawada na bin yatsu har ta kwana biyu ba ta fita ba. Tun kafin a buga aka yi rigimar harshe. Malamai suka ce Faransanci, don masana su ɗauke mu da daraja. Lawali ya ce tsofaffin da suka ba mu labarin ba da Faransanci suka ba mu ba. Aka tsaya a kan Hausa, da taƙaitawa cikin Faransanci a ƙarshe, liman kuma ya riƙa rubuta shafi guda da ajami saboda waɗanda boko bai ratsa su ba. Ranar da babu aiki sai mu hau mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗinsa, ina baya rungume da rediyon ɗaukar magana, mu nufi Tibiri wajen tsofaffin Gobirawa, ko Jiratawa inda muke tarar da masu labarin duƙe cikin fadamun albasa da zogale. Ba ya buga zance sai ya ji shi daga baki biyu, kuma sai ya rubuta sunan wanda ya faɗa.

Daga baya Alhaji Isa ya shigo cikin al'amarin. Babban ɗan kasuwa ne a Sabon Gari, kamyonsa, manyan motocin kaya, na zirga-zirga tsakanin nan da Katsina da Kano. Wani ya miƙa masa mujallar, tawadar ta ɓata masa farar riga, ya yi dariya ya ce tarihin Maradi ya fi ƙarfin wannan ƙazanta. Daga nan ya ɗauki nauyin kai rubutunmu maɗaba'a a Kano, direbobinsa su dawo da ita ɗaure cikin kwali a kan buhunan kaya. Shekarun nan ne mujallar ta yi ƙiba. Ta sami bango mai kauri da hotuna, ana neman ta har daga Damagaram. Ba ta taɓa fitowa a kan lokaci ba, gaskiya. Wata fitowar ta kwana a kan iyaka har aka manta da ita, wata ruwan sama ya jiƙa ta muka shanya shafuka a tsakar gida kamar wanki. Mutane suka riƙa yi mana ba'a, wai mujalla ce mai fitowa in ta ga dama.

Yau in na zauna da jikokina, sai in ga tarihi na yawo cikin salula. Wani zai ɗauki muryarsa ya ba da labarin kafuwar gari cikin gadara, kafin magariba ya zagaye Maradi, ba wanda ya tambaye shi inda ya ji. Nakan yi tunanin abin da Lawali zai ce. Na san zai yi faɗa. Amma na san kuma zai yi kwaɗayin abin, domin shi da ya sha wahalar kai kwafi goma Tibiri a kan mobilet, ba zai raina na'urar da ke kai murya ko'ina cikin ƙiftawar ido ba.

Abin da ya kusa kashe mujallar ba rashin takarda ba ne. Lawali ya shirya fitowa guda a kan jima da fatar jar akuya, sana'ar da ta fitar da sunan garin nan. Wani tsoho a Tibiri ya lissafa masa majeman farko, cikinsu har da kakan Alhaji Isa. Ya ce baƙo ne, ya zo ba shi da komai sai wuƙar aikinsa, wata gwauruwa ta ba shi masauki a bayan gidanta. Wata tsohuwa a Jiratawa ta faɗi daidai da haka. To, a gidan su Alhaji kuwa, abin da aka tashi da shi shi ne kakansu jinin sarautar Katsina ne, tare da sarki kakanninsa suka yi ƙaura zuwa Maradi. Na ce wa Lawali ya je ya sami Alhaji kafin a buga, ko don zumunci. Ya ce in ya nemi izinin mutum ɗaya yau, gobe sai ya nemi na kowa. Har yanzu ina ganin a nan ya yi kuskure. Ba izini na ce ya nema ba, sanarwa na ce ya yi. Kamyon Alhaji ne ya ɗauko mujallar daga Kano, kuma a bakin ƴan kasuwa ya fara jin abin da ke ciki.

Ina zaune a zauren ranar da ya zo. Bai karɓi tabarma ba.

"Mushe, mi na yi maka? Da motata ka ɗauko zagina ka kawo gari?"

"Alhaji, ba zagi ba ne. Sana'a ce, kuma da ita garin ga ya yi suna. In kuna da naku labarin, ku kawo, in buga shi kusa da wanga."

"In kawo maka shaidar ubana? Kai wa?"

Ya juya ya fita. Daga ranar ba a sake kai rubutunmu Kano ba.

Mujallar ta yi shiru na wasu shekaru. Zauren ya rage cika, domin da yawa daga cikinmu suna da hulɗa da gidan Alhaji, wasu kuma sun ga Lawali ya cika taurin kai. Shi bai taɓa cewa ya yi nadama ba, amma na ga yadda abin ya ci shi. In muka biyo ta Sabon Gari sai ya canza hanya. Da ya gaji da zaman banza, ya koma fitar da ƴan shafuka da fotokofi, siririya kamar takardar magani, yana rabawa da hannunsa.

Wata ranar Juma'a da hantsi sai ga Hajiya Tsahara, yayar Alhaji Isa, tsohuwa mai dogara sanda, an sauke ta a ƙofar gidan. Na zaci sabon faɗa ne ya zo. Ta zauna, ta huta, ta dubi Lawali.

"Ɗana, abin da ka rubuta gaskiya ne, amma rabi ka rubuta. Isa bai san kakanmu ba, ni na san shi. Kunna abin naka."

Ta yi magana har azahar. Ta faɗi yadda hannuwan tsohon suka rine da bagaruwa har ya mutu ba su koma daidai ba, da yadda take gudun warin jikinsa tana ƙarama, shi kuma yana kamo ta yana dariya. Ta faɗi wata shekarar yunwa da ya kwashe fatun da ya tara ya musanya da hatsi, aka girka tukunya a ƙofar gidansa, ba a sauke ba sai da sabon gero ya nuna. Ta ce gwauruwar da ta ba shi masauki, a ɗakinsa ta ƙare rayuwarta yana kiran ta inna. Zancen sarauta kuwa, ta ce bayan arziki ya zo ne maroƙa suka ɗinka musu shi, su kuma suka sa.

Lawali ya buga maganarta kalma da kalma, da sunanta a sama. Ita ce mace ta farko da sunanta ya hau kan wani rubutu a mujallar, abin da ya kamata mu ji kunyarsa tun kafin nan. Duk da fotokofi ce marar bango, babu fitowar da aka nema kamarta. Majeman gari suka riƙa sa a karanta musu a wurin aiki.

Alhaji bai sauko da wuri ba. Sai da ciwo ya kwantar da Lawali sannan ya zo duba shi. Ina wurin, ina gyara masa ƙarin ruwa. Ba wanda ya ba wani haƙuri. Sun yi hirar tsadar awaki da lalacewar hanya, kamar jiya suka rabu. Da zai tafi ya riƙe hannun Lawali ya daɗe bai saki ba. Ranar jana'iza yana sahun gaba.

Mujallar ba ta sake fitowa ba bayan rasuwarsa, kuma a nan ma ba zan wanke abokina ba. Komai a hannunsa yake, daga zaɓen labari har gyaran waƙafi, bai koya wa kowa ba. Da ya tafi sai muka tarar mun iya musu amma ba mu iya haɗa shafi ba. Kasat-kasat ɗin muryoyin tsofaffin suna wurin ɗiyarsa Rakiya, tana juye su cikin ordinata, wato kwamfuta, a hankali, in aikinta da ɗaukewar kuran, wutar lantarki, sun bar ta. Ko za a sake buga wani abu, Allah ne masani.

To, me ya rage daga Lawali? Na daɗe ina auna wannan, ina ganin kamar kwalaye ne kawai da asu ke ci. Sai watan jiya aka yi suna a gidan Alhaji Isa, na je. Ya tsufa ƙwarai, idonsa ya tafi, an zaunar da shi a kan kujera jikoki kewaye da shi. Wani maroƙi ya taso yana kirari, yana kiran jaririn jikan sarakuna, jinin masu gari. Alhaji ya ɗaga hannu, wuri ya yi tsit.

"Tsaya, malam. Ba haka ba ne. Ce jinin majemi, wanda ya ciyar da unguwa shekarar yunwa. Shi ne namu."

Maroƙin ya gyara murya ya faɗa kamar yadda aka ce. Na ga samarin gidan suna duban juna, wani ya matsa kusa da tsohon yana tambayarsa wane majemi. Alhaji ya jawo shi ya zaunar, ya fara ba shi labari tun daga farko. Ni kuwa na tashi na fita waje, don ban so a ga majo na share hawaye a gidan suna ba. Allah Ya jiƙan Mushe Lawali, Ya sa ya huta.