Cakulan a Gindin Randa

Kakarmu Yagana ba ta yin tatsuniya sai in tana banda. A ƙauyenmu na gefen Kirikasamma, idan ruwa ya ja baya maza suka kawo tarwaɗa kwando-kwando, ita ke zama gaban wuta da an idar da isha'i, tana juya kifi. Mu kuwa mu kewaye ta, hayaƙi na korar mana sauro yana sa mu hawaye. Ba mace ce mai wasa da yara ba. In ka miƙa hannu wajen kifi, sanda za ta sauka a kan yatsunka, labari kuma bai tsaya ba.

Akwai guda ɗaya da take yawan maimaitawa, in ta zo kanta kuma mu mata take kallo.

"Ga ta nan ta fito daga ruwa, ku buɗe kunne," haka take farawa.

Wai wata budurwa ce ke zuwa cirar bado a fadama. Ranar jajiberin sallah sai ga saurayi a bakin ruwa, kyakkyawa, rigarsa fes, ko ɗigon laka babu. Ya miƙa mata wani abin zaƙi naɗe cikin ganye mai sheƙi, ya ce goron sallarta ne. Ta kai gida. Tsohuwar gidan ta shinshina, ta ce, "Koma ki ce ya fara ci." Ta koma. Saurayi ya ce ya ƙoshi. Ta ce ko ɗan lasa. Ya ce haƙori ke damunsa. Tana matsowa yana ja da baya, har ruwa ya rufe kansa. Ashe mutumin ruwa ne, duk wadda ta ci abinsa sai ta bi shi. Da aka kwance ganyen, baƙar laka ce a ciki.

Sai Yagana ta nuna ni da sandarta. "Ke mai kwaɗayi, kin ji? Duk wanda ya kawo miki zaƙi, ya fara ci."

Da wannan maganar aka kawo ni Hadejia, da ita na tsufa. Ko alewa baƙo ya kawo, sai ya ɗanɗana a gabana. Ana cewa na cika tsanani. A ce.

Bana ƙaramar sallah ta faɗo cikin zafi. Jikata Hafsatu, wadda na rene ta tun rasuwar uwarta, ma'aikaciyar jinya ce yanzu, kuma ta fito da manemi, wani Nura ɗan Kaugama da ke aiki a Kano. Ubanta ya ce abin da ni Inna na yanke shi ke nan. Kwana uku da sallah yaron ya zo gaisuwa bayan azahar. Ina ganin rigarsa na tuna saurayin bakin ruwa: fara sol, ba ɗigon komai. Ya durƙusa, ya ajiye ɗan kwali mai takarda ruwan zinare.

"Ga goron sallar amaryata," in ji shi.

"Ba na wasan jika da wanda ban sani ba. Mene ne wannan?"

"Cakulan ne, Inna."

Na juya kwalin. Rubutu ne gaba da baya, ni kuwa ban san ko harafi ɗaya ba. Na shinshina, na ji wani ƙauri-ƙauri. Na tura masa. "Buɗe ka ci in gani."

Ya dubi kwalin, bai taɓa shi ba. Hafsatu daga bakin ƙofa ta ce, "Haba Inna."

"Ke ba da ke nake ba."

"Inna, ki yi haƙuri," in ji shi, "azumi nake, Sitta Shawwal."

To, ga shi nan. Wancan haƙori, wannan azumi. Na ce masa rana ai faɗuwa take yi, in da gaske yake ya jira. Na zaci zai tuna cewa motar Kano na jiransa. Sai ya ce to. Abu ɗaya ya roƙa, a ajiye kwalin a gindin randa kan jiƙaƙƙen yashi, wai zafinmu narkar da shi zai yi.

Ya zauna a zaure. Sau uku ina leƙawa. Ya je la'asar ya dawo. Rigar ta jiƙe da gumi, gefenta ya kwashi ƙasa. Hafsatu kuwa ta wanke tukunya ɗaya har sau biyu.

Da aka kira magariba ya kurɓi ruwa, ya ɓare takardar. Duk da randar, abin ya yi laushi, baƙi ƙirin kamar lakar Yagana. Ya lakato da yatsa ya kai baki, ya yamutsa fuska, wani ya ɗiga a kan farar rigar.

"Ba daɗi ke nan," na ce.

"Da ɗaci, Inna. Na ji kina da ciwon suga, shi ya sa na zaɓo wanda ba zaƙi sosai. Kanti huɗu na shiga kafin in samu. Ni kaina ba na son shi."

Na ɗauki ɗan kaɗan. Ɗaci ne, amma ba irin na mugunta ba.

Shekara da shekaru na ɗauka da sammu Yagana take tsorata mu. A daren nan na ga ba nan ta tsaya ba. Abin da take nema shi ne mutumin da zai iya haɗiye abin da ya miƙo maka, ya kuma zauna in an ce ya zauna. Mutumin ruwa bai iya ko ɗaya ba.

Washegari na aika wa uban Hafsatu cewa yaron ya turo manyansa. Sauran cakulan ɗin na nan a gindin randa, ina gutsura bayan la'asar. In Nura ya kawo wani da babbar sallah, shi zai fara ci.