Raƙuman Tottori da taswirar Umma

Wata Asabar ce cikin watan Nuwamba, shekarar da na cika goma. Ruwan sama ya ƙi ɗaukewa, an hana mu fita dandalin wasa, ina ta zarya tsakanin taga da ƙofa har Umma ta ce ko ƙaya ce a kujerar. Sai ga Haruka, 'yar maƙwabtanmu Japanawa, ta shigo ɗakin girki da hoto a hannu. Babanta da babana duk karatu ya kawo su London, aka haɗa mu a bene ɗaya na gidan ɗalibai masu iyali a Bloomsbury. A hoton akwai tuddan rairayi jawur da raƙumi a durƙushe. Umma ta goge hannu a zani, ta ƙura masa ido, ta ce, "Ikon Allah! Wa ya ba ki hoton hanyar garinmu?" Na fassara wa Haruka. Ta yi dariya, ta ɗora yatsa a kan wani shuɗi can bayan raƙumin. Teku ne. Wannan Tottori ce, lardinsu a Japan.

A lokacin ni yarinya ce marar zama wuri ɗaya. Ina da shekara uku muka baro Najeriya, kuma kowace Sallah Baba sai ya ce, "Baɗi war haka muna gida." Saboda haka akwatunanmu ba su taɓa sauka daga kan kabad ba, Umma ta ƙi sayen labule mai kyau, ni kuma na ƙi sabawa da kowa a makaranta. Idan aka tambaye ni daga ina nake, sai in ce Najeriya, in yi sauri in sauya zance, don daga nan ban san komai ba. Abin yana cina ƙwarai.

Ita kuwa Haruka garinsu a bakinta yake. Muna ninke kayan wanki a ɗakin injuna na ƙasa, ko muna tsallen igiya a baranda har mai gadi ya kore mu, tana ba ni labari. Lardin siriri ne, ya miƙe a bakin teku, duwatsu sun tokare masa baya, babban cikinsu shi ne Daisen. Kogin Sendai ke kwaso yashi daga duwatsun ya zuba a teku, igiyar ruwa da iska su maido shi tudu. Da can ƙasashe biyu ne, Inaba da Hoki. An taɓa haɗe su da maƙwabciyarsu Shimane, mutane suka ƙi yarda har aka mayar musu da lardinsu. Jama'a ke zaɓen gwamna da 'yan majalisa, kuma duk Japan babu lardin da ya kai su ƙarancin mutane. Wannan ma da alfahari take faɗinsa. Na haddace kaf, ina kwaɗayin abin kamar yadda ake kwaɗayin takalmin wata.

Da bazara ta zo babanta ya gama karatu, suka tattara suka koma. Nasu "baɗi" ya cika, namu bai cika ba. Ranar da suka tafi na rasa inda zan sa kaina. Na tsaya kusa da Umma tana shirin tuƙa tuwo, ina zuba mata Tottori tiryan-tiryan, rabi Hausa rabi Turanci, daga koguna har majalisa. Ta bari na kai aya, sannan ta ce, "Sannu, 'yar Japan. To ke wace ƙaramar hukuma ce taki?" Ko sunanta ban sani ba. Na ga fuskarta ta sauya, kuma ba fushi ba ne, tsoro ne. Ni ma sai kuka ya ƙwace mini.

Ba ta rarrashe ni ba. Ta ɗebi garin semo ta baza a kan tebur, ta shafe shi da tafin hannu, ta fara zane da yatsa. Nan Kano, nan Gumel garin su Baba, nan Maigatari, inda aka binne cibiyata, dab da iyakar Nijar. Ta ɗiga kasuwar dabbobi, ta ce raƙumanmu na aiki ne, ba na ɗaukar hoto ba. Ta ja layi ta raba teburin biyu. "Mu ma da a ƙarƙashin Kano muke, aka yanke mana Jigawa. Kada wata ta fi ki labari." Ta ja kogin Haɗeja, ta nuna Dutse inda gwamna yake. Ina cikin kallo ruwa ya tafasa, ta share taswirar cikin kwano ta yi talge da ita. Da ita muka ci abincin dare.

Baɗin Baba bai zo ba sai da ya yi furfura. Su sun koma, ni aiki da aure suka riƙe ni a unguwar Edmonton ta London, kuma har yau ban iya zama a gida ɗaya ba tare da leƙen wani ba. Kwanakin baya ƙaramar 'yata, wadda nake yi wa Hausa tana mayar mini da Turanci, ta tambaye ni mu 'yan ina ne. Na baza semo a kan tebur kamar yadda na ga an yi. Sai da na ja layin farko na lura bakin tekun Tottori yatsana ya zana, siriri, da duwatsu a baya. Na shafe, na ɗauki waya na kira Maigatari, na juya wa Umma kyamara kan teburin. Muryarta ta tsufa, amma ba ta yi jinkiri ba. "Fara daga Kano," in ji ta, "ki yi arewa."

Wannan karon sai da yarinyar ta zana da hannunta kafin na ɗora tukunya.