Jarkar Mairamu a Layin Famfo

An ce wai famfon da aka saka wa Mairamu a gida shayi yake zubarwa, har da madara, shi ya sa kullum take fita neman ruwan wanka a waje. Labarin ya kai Pitowa, ya dawo Garwa an ƙara masa sukari. Ni taubashinta ne, ɗan kawunta, don haka na ɗauki kofi da burodi na tafi bincike. Ruwa na tarar, jama'a, ruwa garau.

Amma fitar gaskiya ce. Kowace safiya za ka gan ta da jarkarta mai ruwan ɗorawa, wadda ta girmi rabin samarin unguwa, tana tsaye a layin famfon bakin kwari.

Mairamu mai ƙosai ce. Tun tana amarya take bin layin nan, kuma a nan ta haɗu da Agnès, 'yar mutanen kan dutse mai sayar da gyaɗa, wadda ke zaune a tsallaken kwarin. Layin yana da dokarsa: jarka ba ta tsare wa kanta wuri, sai mai ita ko wata mai ɗiba ta tsaya mata. Ran Lahadi Agnès na coci, Mairamu na tura jarka biyu da ƙafa. Da azumi Agnès ke yi mata. Haka suka tsufa.

Da aka kawo aikin saka famfo gida-gida da sauƙin biya, bututu ya zo har ƙofar Mairamu, ya tsaya. Bai tsallaka kwarin ba. Ga Agnès gwiwa ta ƙi, kafin ta lallaɓo rana ta ɗaga, ruwa ya ɗauke. Mairamu ta ce mata ta riƙa aikowa a ɗiba a gidanta. Agnès ta ce, "Usoko, na gode, 'yar'uwa. Ban yi tsufan da zan sha ruwan tausayi ba. Layi na sani."

Sai Mairamu ta ci gaba da zuwa layi, tana tsaya wa jarkar Agnès da ke kwana a wurin.

Rannan Georgette, mai tsaron famfon, ta tare ta. "Dada Mairamu, mai famfo a gida ba ta da wuri a nan. Mata suna ƙorafi."

"Dokar ta ce mai ɗiba ko mai rashi?"

"Mai ɗiba."

"To, cika mini."

Tun daga ranar take cika jarkar da gaske, ta ɗora a kai, ta kai ruwa gidan da ruwa ke jiranta. Agnès kuwa tana isowa ta tarar da tata jarkar a gaba, ta ɗiba da hannunta kamar kowa.

Ni boko bai zauna mini a kai ba, amma wannan lissafin ko mai digiri sai ya yi gumi. Na tare ta a hanya, ruwan jarkar yana zubo mata a wuya, na ce, "Baiwata, gobe kuma sai ki kai wa kogin Binuwai gudummawar bokiti ɗaya?"

Ta sauke jarkar a kan yatsun ƙafata.

"Ran da bututu ya tsallaka kwarin nan zan huta, Mahfuzu. Kai dai bakinka ne kaɗai famfon da ba ya ɗaukewa a garin nan, kuma bai taɓa shayar da kowa ba. Ɗauki, mu je."