Gidan da Tsuntsu Bai Tare Ba

Warin sabon fenti ne ya cika motar a ranar, a ƙarƙashinsa kuma akwai ƙamshin katako irin na fensir idan an fere shi. Na zaunar da ɗan gidan katakon a kujerar gefena, na ɗaura masa bel kamar yaro, na kama hanyar Bowie, garin da Yayata ke zaune, ina waƙa ni kaɗai.

A wata kasuwar ƙarshen mako na gan shi, kusa da jami'armu a College Park, inda masu sana'ar hannu ke baje kayansu a kan tebura. Gidan tsuntsu ne, fari, da koren rufi da ƴan tagogi da aka zana da shuɗin fenti. A goshinsa akwai wani baƙin da'ira, ƙarƙashinsa ɗan tsinken katako inda tsuntsu zai sauka. Shuɗin tagogin ne ya tsayar da ni. Irinsa ne a ƙyauren gidanmu na Zariya. Ban tambayi mai sayarwar komai ba, na ɗauka na tafi.

Baba na saya wa. Bayan rasuwar Innarmu, Yayata, wadda ke aikin jinya, ta ɗauko shi daga gida zuwa nan Amurka saboda hawan jinin ido da ke cinye masa gani a hankali. Likitoci sun ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma idan ya zauna kusa da su, ana duba shi ana canza masa maganin ɗigawa, za a iya riƙe masa sauran. Sauran nan ba shi da yawa. Yana ganin launi da motsi, yana gane ni idan na matso, amma ya daina karatu sai na ka.

Matsalar ita ce Baba ba ya son zama. Jakarsa ma bai yarda an kwashe kayan ciki ba. Mutum ne da ya yi rayuwarsa da tattabaru. Bayan ya bar aikin jirgin ƙasa, katangar tsakar gidanmu ta cika da tukwanen da ya jera musu, kuma kukansu ne ke tashinmu kafin ladan. A Bowie kuwa sai shiru, sai ƙarar injin yankan ciyawa. Yana zama a barandar da ke kallon lambun Yaya, hannu a kan gwiwa, kamar mai jiran mota a tasha.

Da na miƙa masa, ya riƙe shi ta rufi da gindi, ya kai shi dab da fuskarsa, ya shaƙi ƙamshin katakon.

"Auta, gida kika saya mini a Amurka?"

"Na baƙinka ne, Baba."

"To a kafa shi sama, inda kyanwa ba ta kai wa. Injiniya zai taimaka."

Haka yake kiran mijin Yaya. Kafin la'asar Injiniya ya kafa doguwar sandar ƙarfe a tsakiyar lambun, ya hau tsani ya ɗaure gidan a kanta. Baba yana ƙasa yana ba da umarni, a juya fuskar gabas, a kauce wa iska. Rabon da in ji muryarsa ta cika wuri haka tun Inna na da rai. Da aka gama, ya tsaya ya ɗaga kai yana kallon farin abin da ke sama, ya yi dariya.

"Shi ke nan. Ranar da tsuntsu ya tare a gidan nan, ni ma na tare."

Duk muka yi dariya. Yaya ta ce Allah ya kawo amaryar da wuri.

A kicin Injiniya ya same ni ina wanke kofuna. Ya rage murya.

"Kin lura gidan nan ba shi da ƙofa?"

"Ga ta nan a gaba, baƙa."

"Baƙin fenti ne kawai. Na gani da nake sama, a shafe yake. Na ado ne, irin na maƙwabta."

Na leƙa ta taga. Gaskiya kusan kowane gida a layin yana da irinsa a cikin furanni. Wani an yi shi kamar coci, wani kamar butar shayi, wani mai hawa uku da matakala. Na sha wucewa ina yaba su. Sai a lokacin na tuna ban taɓa ganin tsuntsu ya shiga ko ɗaya ba.

Na ce a sauke shi a huda. Injiniya ya ce irin waɗannan katakonsu ba shi da kauri, tsagewa zai yi, gara a sayo na gaske. Yaya ta shigo ta ji, ta kaɗa kai.

"Ku bar shi tukuna. Kun ga fuskarsa yau? Sanyi ma ya kusa, ba tsuntsun da zai yi sheƙa yanzu. Kafin ya wuce sai ki canza masa."

Na ce to. A raina na ji sauƙi, don ban san da wane baki zan gaya wa Baba cewa na kawo masa gidan da ba a shiga ba.

Daga ranar Baba ya samu aiki. Duk Asabar sai na biya shagon kayan abincin gida a Silver Spring na sayo masa gero. Da safe, bayan Yaya ta ɗiga masa magani, zai fita da kwano ya watsa a gindin sandar, yana kiran da yake yi wa tattabarunsa. Baƙi kuwa suka zo. Kurciyoyi suka zo bibbiyu. Wani jan tsuntsu mai tukku ya zama na kullum, Baba ya raɗa masa Alhaji mai jar dara, don shi ne ya fi gani sosai. Sai kurege, wanda ba a gayyata ba.

"Ga ɓarawon nan ya iso," in ji Baba. "Kai, ko kunya ba ka ji? Kakanka na Zariya ma sai ya bari na ba da baya."

Kuregen ya tsaya da ƙafa biyu yana ci yana kallonsa.

"Dubi ƙibarsa, Auta. A ƙasar nan har ɓarawo tumbi gare shi."

Ina dariya, amma idona yana kan baƙin da'irar. Daga baranda kamar rami ne sosai, mai zurfi da duhu. Wani lokaci har nakan yaudari kaina cewa na ga abu ya motsa a ciki.

Ganye ya yi ja ya zube. Ƙanƙara ta sauka ta yi wa koren rufin farar hula. Baba yana fita da rigar sanyin Injiniya a kan jallabiyarsa, ya share wuri da ƙafa ya zuba gero. Duk zuwana tambayarsa ɗaya ce bayan gaisuwa.

"Leƙa mini, idonki ya fi nawa. An shiga?"

"Tukuna, Baba."

"Suna ci, ba sa kwana."

"Sanyi ne."

"Haka ne. Ba a tarewa da sanyi."

Kalmar nan ta tukuna ta riƙa bina har cikin aji. Na ga gidajen tsuntsu na gaske a wani babban kanti, marasa fenti, munana, da ramukansu a buɗe. Na ɗauki ɗaya na juya, na mayar. Na ce Baba zai gane ba farin nan ba ne, zai tambaya. Na ce bari in gama jarrabawa. Na ce ai da sauran lokaci. Kuma akwai wani tunani da ban taɓa faɗa wa Yaya ba, ina jin ita ma tana da irinsa: muddin Baba yana jira, yana nan tare da mu.

Wata rana muna zaune ya ba ni labarin da ban sani ba. Ya ce tattabara ba ta zama inda babu kwanciyar hankali, kuma tana sanin wanda zai daɗe a gida da wanda ke kan hanya. Ya ce kafin ciwon Inna ya tsananta, wasu tattabarunsa da suka yi shekara da shekaru a gidan suka tashi ba su dawo ba.

"Tsuntsu yana ganin abin da ba ma gani. Ban ce ki yarda ba, ke ƴar boko ce. Ni dai na gani."

A nan ne na gane maganar tarewa ba wasa ba ce gaba ɗaya. Rabinta wasa, rabinta istihara.

Sanyi ya saki gari kafin in shirya. Itatuwan layin suka yi fure fari da ruwan hoda, iska ta fara ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wata safiyar Lahadi ina fitowa baranda da shayinsa, ya ɗaga mini hannu.

"Tsaya. Kada ki motsa."

Wata ƴar tsuntsuwa ce, ruwan ƙasa, ba ta kai tafin hannuna ba, wutsiyarta a ɗage. Ta sauka a kan ɗan tsinken da ke ƙarƙashin da'irar, da ɗan kara a baki. Jikin gidan fari ne, don haka Baba yana ganinta sarai.

"Ta kawo kaya," ya ce a hankali. "Bismillah, shiga. Ɗakinki ne."

Ta karkata kai ta dubi baƙin. Ta kai baki, ta ja baya. Ta zagaya rufin ta dawo, ta sake kai baki. Karan ya faɗi ƙasa. Ta tafi ta ɗauko wani, ta dawo ta sake gwadawa. Daga nan ta yi wani kuka mai kaifi, ta tsallake shinge zuwa gidan maƙwabta.

Baba ya bi ta da kallo har ta ɓace. Shayin yana ƙona mini yatsu.

"Ta leƙa ɗakin," ya ce. "Ba ta so."

"Baba, ba ta leƙa ba. Gidan ne ba shi da ƙofa."

Ya juyo da fuskarsa wajena.

"Fenti ne kawai. Na ado ne, a nan haka suke yin su, don kyan lambu. Ban sani ba lokacin da na saya. Daga baya na sani."

Na zaci zai yi fushi. Da ma ya yi. Murmushi ya yi, irin wanda yake mini ina ƙarama idan na ce ba ni na sha madarar ba.

"Auta ke nan. Allah ya yi miki albarka. Kina so ki rarrashi tsoho."

"Wallahi Baba..."

"Kada ki rantse. Wane mahaukaci ne zai zauna ya sassaƙa gida, ya yi masa rufi, ya yi masa taga, ya kafa wa baƙo wurin sauka, sannan ya hana shi ƙofa? Ko a Amurka ba a yin haka."

Na ce bari in ɗauko tsani in sauke shi ya taɓa da hannunsa. Ya riƙe bakin mayafina.

"Bar shi inda yake. Ta zo, ta gani, ta ba ni amsa. Miƙo shayin kafin ya huce."

Da na so, zan iya zare mayafina in tafi gareji. Tsanin yana nan jingine. Amma tun da nake ban taɓa zare jikina daga hannun Baba ba, kuma na daɗe ina ce masa tukuna har maganata ta yi sauƙi a kunnensa. Na miƙa masa shayin.

Da yamma ya kira Yaya da Injiniya ya ce a nema masa tikiti. Injiniya ya tabbatar masa da maganata. Baba ya ce, "Har da kai, Injiniya? Lallai kun haɗa baki, na gode." Yaya ta yi kuka, ta kawo maganar likita, ta kawo maganar ido. Ya ce wanda ya ba shi idon yana Zariya kamar yadda yake nan. Kafin furannin layin su gama zubewa ya tafi, da jakar da bai taɓa kwashe kayanta ba. A filin jirgi ya ce in ci gaba da zuba wa Alhaji mai jar dara gero, kuma kada in hana ɓarawon nan rabonsa.

A gida maganin yau a samu, gobe babu. Sauran ganin ya tafi a hankali. Idan na kira, nakan ji kukan tattabaru a bayan muryarsa, yana cewa yanzu da kunne yake ƙirga su. Bai taɓa yi mini ƙorafi ba. Wani lokaci yakan tambaya cikin raha, "An tare?" Ni kuma in ce, "Tukuna, Baba." Ban samu wata amsar ba har ya rasu.

Shekaru bayan haka, na gama karatu na kama ɗaki a Silver Spring, Yaya kuma za su tashi daga gidan Bowie. Ta kira ni ta ce in zo in ɗauki gidan Baba, ita ba za ta iya jefar da shi ba, ba za ta iya kallonsa ba. Ni na hau tsanin a karon nan. Fentin ya koɗe, shuɗin tagogin ya zama toka-toka. Ina kwance ƙusar ƙarshe ya suɓuce mini, ya faɗi a kan dutsen gefen furanni.

Bai tsage ba. Katakon mai kauri ne. Wani baƙin abu ne kawai ya fita daga goshinsa ya gangara cikin ciyawa. Na sauko na ɗauka. Guntun toshi ne mai laushi, irin wanda ake rufe bakin kwalba da shi, an shafa masa baƙin fenti, an danna shi daidai da fuskar katakon. A inda ya fita akwai rami zagayayye, an goge bakinsa sumul. Na sa yatsa. Ciki ɗaki ne sosai, a bushe, da ƴan hudoji a ƙasa don ruwa ya fita, har lokacin yana ƙamshin fensir.

Gidan yana da ƙofa.